Koyon Kaɗi da Saƙa a Ƙasar Gaya da Ajingi

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, yarinyar da za ta koyi kaɗi ba mazari ake fara miƙa mata ba. Gurza ce farkon karatu. Za ta zauna ta miƙe ƙafa, magurji a gabanta, ta ɗora auduga 'yar kaɗan, ta murza siririn ƙarfe a kai da tafin hannu har angurya ta fice. Ƙarfen nan aikin maƙera ne, ƙira kuwa ba baƙuwa ba ce a Gaya: tarihin baka ya ce daga nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala.

Daga gurza sai shiɓa, a bugi audugar da tsirkiyar ɗan baka ta tashi ta yi laushi, a naɗe ta sutu-sutu.

Kaɗin kansa shi ne mai wuyar. Mazari tsinke ne siriri, a gindinsa an cusa gululu na yumɓu don ya ba shi nauyin juyawa.  Hannun hagu na riƙe da sutu a sama, na dama na murza mazari, yatsu kuma ana dangwala su a alli, wanda ake yi da ƙonannen ƙashi, don kada su yi santsi. Zaren sabuwar hannu ba ya ɓoyuwa: nan kauri, nan siriri, can ya tsinke. Kaka ba ta dogon bayani, iyakarta ta ce, "Sassauta hannu, 'yar nan, ba da ƙarfi ake yi ba." Sai abawa mai kauri ta zauna a hannu tukuna ake maganar siririn zare. A da da dare ake wannan zama, ga fitilar aci-balbal, ana kaɗi ana tatsuniya.

Yaro namiji kuma wajen masaƙa yake zuwa. Ya daɗe yana cika kwarkwaro, yana zirga-zirgar wadari, yana mayar da kunkuru baya idan ya matso, kafin a bar shi ya taka allera ya jefa ƙoshiya.

Da irin waɗannan hannaye na karkara Kano ta yi suna. Bature Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara da wuri miliyan 300. Yau masaƙan da suka rage zaren kanti suke saye, don haka kaɗi ya fi saƙa kusa da ɓacewa. Wanda ke da tsohuwa a gida da har yanzu take ajiye da taskirarta, ya tura mata jikokinta su zauna kusa da ita.