Ramin Gefen Titi: Wa Zai Biya Diyyar Wanda Ya Faɗa?

Idan mutum ya yi tuntuɓe a gefen titi ya karye, abin da aka saba shi ne a yi masa sannu, a ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, sa'an nan a aika a kira maɗori. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi wanda ya haƙa ramin ba, balle wanda ya ɗauke murfin kwata ya bar ta baki buɗe. Amma kuwa wannan faɗuwa da muke rainawa ba ƙaramar aba ba ce. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa iri-iri, kuma in aka cire haɗarin mota, babu wani tsautsayi da ya kai ta kisa.

Yadda tuntuɓe ke aukuwa

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa ɗan Adam ba ya ɗaga ƙafarsa sosai idan yana tafiya. Wani masanin motsin jiki a Jami'ar Watalu ta ƙasar Kanada, Dabid Winta, ya auna tafiyar mutane, ya kuma bayyana a 1992 cewa a lokacin da ƙafa ke lilo daga baya zuwa gaba, tazarar da ke tsakanin yatsu da ƙasa takan ragu har ta kai kimanin santimita 1.3 kacal, watau ba ta kai kaurin babban yatsan hannu ba. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, a daidai wannan lokaci ne ƙafar ke tsananin gudu, kusan ninki uku na saurin da sauran jiki ke tafiya da shi. Saboda haka idan wani falan daɓe ya ɗara ɗan'uwansa tsawo da santimita 2 ko 3, ko don saiwar itace ta tura shi sama, ko don ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin na kusa da shi, to ya isa ya tare ƙafar. Ƙafa ta tsaya cik, gangar jiki kuwa ta ci gaba da tafiya, sai nauyin mutum ya wuce inda ƙafafunsa ke tallafe da shi. In ɗaya ƙafar ba ta yi hanzarin tarbar nauyin ba, sai ƙasa.

Mai faɗuwa yakan miƙa hannu don ya dafa, shi ya sa karayar da aka fi gani ita ce ta ƙashin damtsen hannu dab da wuyan hannu, wadda wani likitan fiɗa na birnin Dabilin, Abraham Kolis, ya siffanta tun 1814. Tsofaffi kuwa, musamman mata waɗanda ƙashinsu ya yi rauni, sukan karye a ƙugu. Mafi yaudara a cikinsu shi ne buguwar kai, domin jini na iya tsattsafowa sannu a hankali a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mutum yana harkokinsa lafiya lau, sai bayan makonni ciwon kai da ruɗewa su bayyana.

Makahon birnin Landan

A shekarar 1956 ma'aikatan Hukumar Lantarki ta Landan sun haƙa dogon rami a hanyar masu tafiya da ƙafa a unguwar Wulic. Ba su kewaye shi da shinge ba. Abin da suka yi shi ne, suka gitta wata doguwar gudumar daɓe a bakin ramin, kanta a ƙasa, ƙotarta kuma a jingine da wani shingen ƙarfe da ke gefe. Ga mai ido wannan alama ta wadatar. To, akwai wani makaho mai suna Heli da ya saba bin wannan hanya shi kaɗai da farar sandarsa zuwa inda yake hawan bas ya tafi aiki. Sandar ta tsallake ƙotar ba ta taɓa ta ba, ƙafarsa ta harɗe, ya faɗi ya bugu a kai. Sanadiyyar wannan faɗuwa ya kurmance kusan ɗungurungum. Mutumin da ya rasa gani, ga shi kuma an raba shi da ji.

Da ya kai ƙara, kotun farko ta kore ta, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Hujjarsu ita ce, wanda ya haƙa rami a hanya abin da ke kansa shi ne ya kiyaye masu tafiya irin na yau da kullum, makaho kuwa in ya fito shi kaɗai ya ɗaukar wa kansa kasada. Heli bai haƙura ba, ya kai maganar gaban alƙalan Majalisar Dattawan Ingila, waɗanda su ne ƙololuwar shari'a a ƙasar kafin a kafa Kotun Ƙoli a 2009. A 1964 suka ba shi gaskiya baki ɗaya. An gabatar musu da shaidar cewa kimanin mutum 1 cikin 500 makaho ne, da yawansu kuma suna fita su kaɗai. An kuma nuna cewa Hukumar Gidan Waya, idan ta yi irin wannan haƙa, takan sa ɗan ƙaramin shinge marar nauyi wanda sandar makaho za ta ci karo da shi. Alƙalan suka ce tun da yake wucewar makaho abu ne da duk mai hankali zai iya hangowa, kariyar kuma ba ta da tsada, to hukumar lantarki ta yi sakaci. Shekara takwas ke nan tsakanin faɗuwar da hukuncin, abin da ya kamata mai niyyar shiga kotu ya sa a ransa tun da wuri.

Wannan hukunci reshe ne na wata ƙa'ida da aka kafa a 1932, a shari'ar wata mata 'yar ƙasar Sikotilan mai suna Donohu, wadda ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar lemo. A nan ne alƙali Atkin ya bayyana cewa wajibi ne mutum ya kula da duk wanda zai iya hangen aikinsa zai cutar. Daga nan lauyoyi suka tsayar da abin da mai ƙara zai tabbatar: cewa wanda ake ƙara yana da nauyin kula a kansa, ya kuma gaza sauke shi, wannan gazawa ita ce ta jawo raunin, raunin kuma ya haifar da asarar da za a iya ƙimantawa. Ma'aunin ba shi ne hanya ta zama sumul kamar faranti ba. Kotunan Ingila sun sha korar ƙarar da aka gina kan ɗan tudun da bai kai inci ɗaya ba, ko da yake awon Winta ya nuna rabin incin ma ya isa ya kayar da mutum. A ganina nan wuri ne da shari'a ke biye da kimiyya a baya.

Ba Turawa kaɗai suka san wannan magana ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi bayanin cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar jama'a, a inda ba a yarje masa ba, to lamunin abin da ya auku yana wuyansa.

Idan abin ya faru a Nijeriya

Nijeriya ta gaji dokar sakaci daga Ingila, kuma har yanzu lauyoyi na kafa hujja da irin waɗannan shari'o'i, duk da cewa hukuncin kotunan Ingila ba ya ɗaure alƙalanmu. Tambayar farko da lauya zai yi ita ce, hanyar ta wace ce? Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gini da gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya. Akwai kuma hanyoyin jiha, da na tarayya waɗanda aka kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaransu. Sau da yawa ma ba hukuma ce ta yi ɓarnar ba, ɗan kwangila ne ya haƙa don binne bututu ko waya, ko mai shago ya fasa daɓe, ko mai gini ya jibge rodi da tsakuwa a hanya. Ƙarar wanda ya haƙa da hannunsa ta fi sauƙin tabbatarwa bisa ga ƙarar hukumar da ta bar hanya ta lalace don kanta.

Babban tarkon da ya kamata malamai su jaddada wa ɗalibai shi ne na lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tanadi cewa ƙarar da za a kai jami'i saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa, dole a shigar da ita cikin wata 3. A 1998 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ayyukan Shari'a na Jihar Kaduna, ta ce wannan kariya ta haɗa har da hukumomin kansu, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kurum ba. Jihohi suna da nasu dokokin, kuma ba duka suka zo ɗaya ba. Bugu da ƙari, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun shardanta a aika musu da takardar sanarwa kafin a kai su kotu, galibi da wata ɗaya. Karayar ƙugu kuwa takan kwantar da mutum fiye da wata 3. Wanda ya ce sai ya miƙe tukuna zai nemi lauya, yana iya tarar da an rufe ƙofa, komai ƙarfin gaskiyarsa. Don haka ɗa ko ƙane ya je a madadinsa tun yana kwance.

Sai batun shaida. Rami ba ya jiran alƙali. Da zarar labari ya bazu ana iya cike shi cikin dare. A ɗauki hotonsa a ranar, daga nesa yadda za a gane wurin, da kuma daga kusa tare da rula a tsaye don zurfin ya fito. A rubuta sunayen waɗanda suka gani, musamman masu shaguna da masu tebur na kusa, domin su ne za su iya faɗin tun yaushe ramin yake, da ko an taɓa kai kuka. Wannan yana da nauyi ƙwarai, saboda hukuma takan kare kanta da cewa ba ta sani ba. A birnin Niyok na Amurka, inda doka ta ce sai an sanar da hukuma aibin hanya a rubuce kafin a iya ƙararta, ƙungiyar lauyoyi ta kafa kwamiti a 1982 wanda ya riƙa zana taswirar fasassun wurare yana miƙa wa hukumar birnin, don kada ta ce ba ta ji ba. Ƙungiyar unguwa ma tana iya rubuta takarda, ta ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Maɗori yana iya iya aikinsa, amma ba ya ba da hoton ƙashi ko rahoton likita, kotu kuwa da su take auna rauni. A je asibiti a ranar, a adana kati da rasit na magani da na mota, da lissafin kwanakin da aka yi ba a fita nema ba. A kuma shirya wa tambayar da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi: shin kana duban gabanka, ko kana latsa waya? In kotu ta ga mai ƙara yana da nasa kason sakacin, takan rage diyyar gwargwadon kason, ba ta hana shi duka ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta 2011 kuma ta haɗa da neman diyyar haɗari ga marasa ƙarfi. Tsangayoyin koyon aikin lauya a jami'o'i da dama suna da ɗakunan ba da shawara kyauta, inda ɗalibai ke aiki a ƙarƙashin kulawar malamansu. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke aiki tun 1975 ba tare da karɓar ko kwabo ba. Sai dai a sani ita bincike take yi ta ba da shawara, ba ta yanke hukuncin diyya, kuma kai mata kuka ba ya tsayar da ƙidayar watannin nan 3.