Bayan Ruwa Ya Janye: Fadamar Kalgo, Hubbaren Gwandu da Hanyar Dawo da Baƙi

Cikin wata shida kacal na shekarar 2020, gulbi ɗaya ya sa mutanen Kebbi guɗa, ya kuma sa su salati. A watan Maris dubban masunta suka auka cikin Matan Fada a Argungu, kowa da komarsa da gorarsa, bayan an shafe kusan shekara goma ba a yi bikin kamun kifi ba. Kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Masaukai suka cika, masu tsire da masu fura da 'yan kabu-kabu suka yi cinikin da suka daɗe ba su gani ba. Kafin Satumba ta ƙare, ruwan nan ya haye gaɓa ya shimfiɗu a fadama. Hukumomi suka ƙiyasta cewa ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a faɗin jihar, ban da gidaje da hanyoyi da gadojin da ya karya.

Duk wanda ya san kwanciyar ƙasar ba zai yi mamaki ba. Gulbin Rima yana saukowa daga wajen Goronyo, ya haɗu da gulbin Sakkwato, su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi, su nufi kudu inda gulbin Zamfara, mai biyowa ta Jega, yake tarar da su kafin duka su zuba a Kwara. Ƙasar Kalgo tana cikin wannan kwari. Idan marka ta kankama a watan Agusta, ƙasa ta sha ta ƙoshi, madatsun Goronyo da Bakolori suka cika har ya zama dole a rage musu ruwa, ita ma Kwara ta tumbatsa ta kasa karɓar ƙari, to ruwa ba shi da wurin zuwa sai gonaki. Haka ta faru a Satumbar 2010, lokacin da ruwan da ya ƙwace daga Goronyo ya raba dubban mutane da gidajensu a Sakkwato da Kebbi. An maimaita a 2012, aka sake a 2020.

A irin wannan lokaci ana ganin manomi cikin kwale-kwale a tsakiyar gonarsa, lauje a hannu, yana sunkuyawa yana lalubo zangarniyar da ruwa ya shanye. Abin da ya samu ya zuba a cikin jirgi, ya kai bakin kwalta ya shanya, ko da ta fara tsami. A kansa akwai bashin taki da na iri. A gida kuwa katangar ƙasa tana jiƙa daga gindi, ta yi kwana biyu tana tsagewa, dare ɗaya ta zube tare da rumbu. Iyali su kwashe tabarmi da tukwane su koma ajin makarantar firamare, inda sauro da zazzaɓi da amai da gudawa ke jiransu.

Abin da ya faru a bakin tekun Aceh

Kebbi ba ta da teku, amma akwai al'ummar Musulmi a can gabas mai nisa da ta ga iyakar ɓarnar ruwa ta kuma tashi, har baƙi suka dawo mata. Ranar 26 ga Disamba, 2004, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, girgiza mai ƙarfin maki 9.1. Ƙasan tekun ya ɗago, ya tura ruwan da ke kansa gaba ɗaya. Irin wannan igiya, wadda ake kira tsunami, tana gudu a tsakiyar teku kamar jirgin sama, wajen kilomita 800 a sa'a, ba ta kuma da wani tsayi da zai tsorata matuƙin jirgi. Sai ta kusanci gaɓa, inda ruwa ba zurfi, gudunta ya ragu, ta taru ta miƙe. Ta isa gaɓar lardin Aceh cikin kimanin minti ashirin, ta kai Tailan da Siri Lanka bayan kamar sa'a biyu, ta taɓa Somaliya bayan wajen sa'a bakwai. Mutane kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, fiye da 160,000 daga cikinsu a Aceh.

Lampuuk ƙauye ne a bakin teku kusa da Banda Aceh, mai farin yashi, inda mutanen birni ke zuwa hutun ƙarshen mako. Ruwa ya share shi tas. Mafi yawan mazaunansa suka rasu, ba abin da ya rage a tsaye sai Masallacin Rahmatullah, wanda hotonsa daga sama, shi kaɗai cikin laka da tarkace, ya zagaya duniya.

Yau an koma wanka da gasa kifi a bakin ruwan Lampuuk, kuma abin lura shi ne jerin yadda aka yi. An fara da rufin asirin waɗanda suka tsira: ƙungiyar agaji ta Turkiyya ta gina musu ɗaruruwan gidaje, aka gyara masallacin, masunta suka samu jirage. A Agustan 2005 gwamnatin Indonesiya da 'yan tawayen Aceh suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Helsinki, yaƙin kusan shekara talatin ya ƙare, hanyoyi suka buɗe. A 2006 aka fara aiki da tsarin gargaɗin tsunami na Tekun Indiya, aka kafa jiniya da allunan da ke nuna hanyar gudu zuwa tudu. Bayan duk wannan ne baƙi suka fara dawowa, domin sun tarar da gari mai mutane, mai kasuwa, mai abinci.

Mutanen Aceh ba su share alamun masifar ba. A cikin Masallacin Rahmatullah an bar wani sashe da ginshiƙansa a karye. A Banda Aceh an bar wani ƙaton jirgin samar da lantarki, mai nauyin tan 2,600, a inda ruwa ya yar da shi cikin unguwa, nesa da gaɓa. A unguwar Lampulo akwai jirgin masunta da ya tsaya a kan rufin wani gida, har yanzu yana nan. A 2009 aka buɗe gidan tarihin tsunami, wanda aka tsara shi ya zama mafaka idan ruwa ya sake zuwa. A Khao Lak ta Tailan, inda 'yan yawon buɗe ido da yawa suka rasu, an bar jirgin 'yan sanda mai lamba 813 a inda igiya ta kai shi cikin gari. Wuraren nan sun zama makaranta ga yara, sun kuma zama abin da ke kawo maziyarta rani da damina.

Ilimin gida ma ya yi rana. A tsibirin Simeulue, wanda ke dab da inda ƙasar ta girgiza, mutane sun gaji labari daga kakanni tun tsunamin 1907 cewa idan ƙasa ta motsa, teku ya ja baya, a gudu kan tudu. Cikin mutum fiye da 70,000, waɗanda suka rasu ba su kai goma ba. Masuntan Aceh kuma suna da shugaban gargajiya da ake kira Panglima Laot, mai tsara dokokin su, kuma a ƙarƙashin dokarsa ba a fita teku ranar 26 ga Disamba.

Abin da Kebbi take da shi

Bakabe zai gane wannan sarauta ta Panglima Laot nan take, domin aikin Sarkin Ruwa ke nan. Shi ke tsare Matan Fada, ya hana kamun kifi a wurin har ranar biki, kuma sarakunan ruwa da tsofaffin masunta na garuruwan fadama sun san inda ruwa ke fara shiga da inda yake ƙarewa. Kebbi tana da wata dama da mutanen Lampuuk ba su samu ba, wato lokaci. Su minti ashirin aka ba su. Ruwan da aka saki a Goronyo kuwa sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso fadamar Kalgo, kuma tun farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suke fitar da hasashen damina da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Inda ake samun giɓi shi ne tsakanin takardar Abuja da kunnen manomi. Saƙon da ya bi ta rediyo cikin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, ya bi ta bakin hakimi da liman da Sarkin Ruwa, ya fi kusa da sa mutum ya kwashe rumbunsa tun da wuri.

Fadamar kuma tana biyan diyya da kanta. Ruwan da ya janye yakan bar laka mai albarka da danshi kusa, ga kifi a tafkuna. Daga Disamba sai a ji ƙarar injinan ban ruwa ko'ina, an huda ƙasa an zura tiyo, an koma noman rani. Wannan noma ne ya sa aka zaɓi Kebbi wajen ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, shi ya haifar da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, shi ke ciyar da masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Manomin da ya samu iri da taki da mai a kan kari yana iya rage asarar damina kafin wata daminar. Wanda tallafi ya iske a makare ya yi asarar shekara guda cur.

A ɓangaren baƙi, Kebbi ta daɗe tana rataye komai a wuyan biki ɗaya. Bikin Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta rufe babin gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya. Amma kwana huɗu ne a shekara, kuma a shekarar da aka yi ke nan. Ƙarancin ruwa ya taɓa hana gasar, rashin tsaro ya tsayar da bikin shekaru, annobar korona ta rufe tafiye-tafiye makonni kaɗan bayan na 2020. Mai masauki da mai saƙa da mai tuƙa kwale-kwale ba za su iya dogara da kasuwar da ba a san ranar cinta ba.

A nan ne Gwandu take shigowa, domin abin da take da shi ba ya jiran ruwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a garin daga 1805, shekarar da aka gwabza yaƙin Alwasa, kafin ya koma Sifawa. Daga Gwandu ne aka riƙa gudanar da yammacin daular Usmaniyya, wanda aka danƙa wa ƙanensa Malam Abdullahi, har zuwa Nupe da Ilorin. Malam Abdullahi, marubucin tafsirin Diya'ut Ta'wil da littafin Tazyinul Waraƙat, yana kwance a hubbarensa a garin, kuma har yau malamai da almajirai suna zuwa ziyara su yi masa addu'a. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, a nan ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna yana kwafar abin da zai iya. Har albasar garin sai da ya yaba. Fadar Sarkin Gwandu ta koma Ambursa, daga baya Birnin Kebbi, amma tushen yana nan. Ɗalibin tarihi daga Yamai ko Ilorin ko Kano yana da dalilin zuwa Gwandu a kowane wata.

Kalgo kuma mararraba ce. Daga nan hanya take rabuwa zuwa Jega, da zuwa Bunza da Kamba a kan iyakar Nijar, ga Birnin Kebbi a kusa da filin jirgin sama na Ambursa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, a Kalgo ta fara aiki. Malamanta da ɗalibanta suna iya yin abin da aka yi a Aceh daidai ƙarfinsu: su bi ƙauyukan fadama su auna inda ruwa ya kai a 2010 da 2012 da 2020, a sa alama a jikin gada da bangon makaranta, a naɗi muryar tsofaffin masunta da manoma kafin a rasa su. Alamar za ta nuna wa mai gini inda bai kamata ya kafa tushe ba, baƙo kuma ya ga abin da mutanen wurin suka jure.

Idan aka haɗa su, tafiyar kwana biyu ce: hubbaren Gwandu da safe, fadamar Kalgo lokacin da shinkafar rani ta yi kore, kwana a Birnin Kebbi, washegari gidan tarihin Kanta a Argungu da bakin Matan Fada. Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfin jiha da masarautu ba: hanya mai magudanar ruwa da ba ta yankewa kowace marka, masauki mai tsafta, matasan gari da aka horar su yi wa baƙo jagora, da kwale-kwale mai rigunan kariya, domin hatsarin jirgin Warrah na Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa. Sai tsaro, wanda harin da aka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ya nuna har yanzu da sauran aiki a kansa.

Tsakanin fitar hasashen damina da shigar marka akwai wajen wata shida. A cikinsu ne ake iya yashe magudanai, a gyara kwalbatoci, a ware tudun da za a kwashe mutane da dabbobi, a tanadi irin shinkafa mai saurin nuna, sannan hukumar raya kogin Sakkwato da Rima ta zauna da hakiman Kalgo da Bunza da Argungu a tsayar da wanda za a fara kira idan za a buɗe ƙofofin Goronyo.