Iyakarmu da Nijar: Haƙƙi Ya Koma Alfarma

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, duk bayan ɗan lokaci sai wani saƙon murya ya karaɗe WhatsApp. Yau a ce daga mako mai zuwa sai da biza za a shiga Maraɗi, gobe a ce fasfo mai tambarin ECOWAS ya zama takardar tsire. A ɗaya gefen kuma ga masu kwantar da hankali, waɗanda amsarsu ɗaya ce ga kowace tambaya: ai Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, babu abin da zai canja. Na farkon suna tsorata mutane a banza. Na biyun sun fi damuna, domin maganarsu na da daɗin ji, kuma ita ce jami'an gwamnati suka fi son a riƙa maimaitawa.

Mu fara kawar da batun biza. A tsakiyar Disambar 2024 ƙasashen uku, ƙarƙashin ƙawancensu na AES, suka fitar da sanarwa ɗauke da sa hannun Janar Assimi Goita na Mali, cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama da neman abinci a ƙasashensu ba tare da biza ba. Ranar da ficewar ta fara aiki, ita ma ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, kuma a ci gaba da ɗaukar hajarsu kamar yadda aka saba a tsarin sassauta harajin kasuwanci na yankin. To ka ji. Mai saƙon murya bai karanta ko ɗaya ba.

Sai dai sanarwar ECOWAS tana da ɗan wutsiya da mutane suka tsallake: duk wannan na wucin gadi ne, har zuwa lokacin da za a sake ba da wani umarni. A nan gizo ke saƙar.

Kafin ficewar, abin da ya ba ɗan Konni damar shiga Sakkwato ba kirkin wani shugaba ba ne. Yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a Dakar a watan Mayun 1979, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar a Legas, wadda ta ce ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya. Daga baya aka ƙara masa 'yancin zama da na kafa sana'a. Ƙasa ba ta tashi da safe ta soke wannan da jawabin rediyo. Ko fita daga ƙungiyar ma sai an ba da sanarwar shekara guda, kamar yadda sashe na 91 na yarjejeniyar 1993 ya tanada, shi ya sa ƙasashen uku suka yi shelar fita ranar 28 ga Janairun 2024 amma ba ta tabbata ba sai da shekara ta zagayo.

Duk manomi ya san bambancin gonar gado da gonar aro. Idan ka bi ta gefensu da damina ba za ka rarrabe ba: gero ɗaya, kunya ɗaya, wataƙila ta aron ma ta fi kyau. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka yi saɓani. Mai gonar gado yana da shaidu, yana da dagaci, yana da alƙali. Mai gonar aro kuwa, ranar da ɗansa ya zagi ɗan mai gona, ko ya goyi bayan wani a zaɓen kansila, sai a ce masa bana za mu noma abinmu, ko da ya riga ya kai taki. Ba ya dasa mangwaro a ciki, ba ya haƙa rijiya, don bai san ko zai sha ba. Matafiyi da ɗan kasuwar da ke tsakanin Najeriya da Nijar sun tashi daga gado sun koma aro. Sanarwa biyu ce ke riƙe da su, kowane ɓangare ya yi tasa shi kaɗai, kuma kowane na iya janye tasa ranar da ransa ya ɓaci. Wanda zai sayi buhu goma ya dawo ba zai ji a jikinsa ba. Wanda ke tunanin gina sito a Maraɗi, ko buɗe shago a Damagaram, ko tura ɗansa jami'a a can na shekara huɗu, dole ya sake lissafi.

Nan take ɗan Nijar zai tare ni, kuma yana da gaskiya. Zai ce, gadon da kake magana a kai, ya hana ku rufe mana iyaka? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, kwana huɗu kacal shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba sojoji wa'adin mako guda. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu a kan tabarma, kayan gwari na ruɓewa a sama, ruwansu na ɗiga a kan kwalta. Da gwamnatin sojan ta kai ƙara kotun ECOWAS tana neman a dakatar da takunkumin, kotun ta yi watsi da buƙatar a Disambar 2023, bisa hujjar cewa ba halastacciyar gwamnati ba ce ta shigar da ita. Sai a ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, bayan ƙasashen sun riga sun ce sun fita. Ihu bayan hari.

Kuma ba a ranar aka fara ba. A 1983, yarjejeniyar Dakar na da shekara huɗu, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan Gana, amma da 'yan Nijar a ciki. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki daidai lokacin da fari ya gallabi Sahel, har dattawan Nijar suna kiran yunwar wannan shekarar da sunansa. A Agustan 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Duk wannan ya faru ne ƙasashen biyu suna cikin ƙungiya ɗaya, suna zama a teburi ɗaya. Saboda haka masu ɗaure buɗewar iyaka ko rufewarta da zama ɗan ECOWAS ba su bibiyi tarihi ba. Mu ne muka fi kowa taka yarjejeniyar da muke kukan an fita daga cikinta.

To in haka ne, me aka rasa? An rasa wurin kai kuka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, maƙwabta na da rubutaccen abin da za su nuna mata su ce kin saɓa. Talaka ma yana da ƙofa, ko da ƙarama ce. A 2008 wata baiwar Allah 'yar Nijar, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai ƙasarta ƙara gaban kotun ECOWAS. Kotun ta zauna a Yamai, ta samu gwamnati da laifin gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta biya. Wannan ƙofa ita ce ficewar ta ja wa 'yan Nijar da Mali da Burkina, kuma ba kasafai ake jin ana ambatonta a gangamin da ake yi na murnar 'yanci ba.

Masu maganar zumunci za su ce duk wannan surutun 'yan boko ne. Iyakar nan mai tsawon kilomita kusan 1,500, wadda ta ratsa gefen Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno, Ingila da Faransa ne suka shata ta a kan takarda a farkon ƙarni na 20. Ta bar Katsinawa a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, 'yan'uwansu a wannan gefen. Wanda ya je Maigatari ranar Alhamis ya ga raƙuma da shanu da suka kwana suna tafiya daga arewa, ga 'yan canji zaune da damman naira a hannun dama, sefa a hagu, ba zai yarda wata takarda a Abuja ce ke tafiyar da wannan ba. Haka ne. Tsohuwar da ke tsallakawa biki daga Ɗan Isa zuwa Magama ba ta taɓa riƙe fasfo ba, ba kuma za ta fara yanzu ba.

Amma zumunci bai taɓa hana gwamnati yanke hukunci ba. A ƙarshen 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, ta keɓe Mali da Burkina kawai. Gabanin babbar sallar 2025 ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a cikin gida. Ko mutum ya yarda da dalilin ko bai yarda ba, wanda ya saba sayen ragon layya a kasuwannin iyaka ya san inda abin ya taɓa shi. A ranar Kirsimetin 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya fito da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar da martani da Hausa ya musanta. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Ɗanjuma da Ɗanjummai ke nan, suna magana da harshe ɗaya, kowa na zargin ɗan'uwansa, 'yan bindigar Lakurawa kuma na kai-komo a dajin da ke tsakaninsu.

Akwai kuma ɓarnar da rashin tabbas ke yi a kan hanya, wadda ba ta buƙatar wata sanarwa. Duk direban da ke bin hanyar iyaka ya san yadda ake yi a shinge: a rage tafiya, a sauke gilashi, a miƙa takardun mota da 'yar takardar kuɗi a naɗe a tsakiya, a dawo da takardun babu ita. Wannan tun ana cikin ECOWAS. Yanzu da fasinja bai san ko katinsa na aiki ba, wanda ke tsaye a shingen ya sami sabon jari. Ya isa ya juya katin sau biyu, ya ce wannan ai an daina karɓarsa, sai ka ga hannu ya shiga aljihu. Mai tura saƙon biza a WhatsApp yana ganin taimako yake yi, alhali farashin na goro yake ɗagawa. Hukumomin ƙasashen biyu kuwa, da za su iya kashe maganar da sanarwa ɗaya da Hausa da Zarma da Kanuri a gidajen rediyo da allon da aka kafa a bakin iyaka, sun fi son fitar da takarda da Turanci da Faransanci wadda ba ta wuce teburin 'yan jarida.

Wasu na cewa a yi haƙuri, za su dawo. Wataƙila. Amma Muritaniya ta fita a 2000, ba ta dawo ba, kuma sai a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar. Shekara 17 ke nan. Ita Muritaniya ba ta da iyaka da mu. Senegal da Togo da Benin kuwa suna da wata igiyar da ta ɗaure su da Nijar, domin ƙasashen AES uku ba su fita daga ƙungiyar UEMOA ta masu kashe sefa ba. Najeriya ba ta cikin wannan. Idan tattaunawar da ECOWAS da AES suka buɗe a Bamako a watan Mayun 2025 ta cije, mu ne za mu fi kowa zama a fili, mu da Gana.

Abin haushin shi ne muna da kayan aiki a hannu tun kafin a haifi ECOWAS. A 1971, zamanin Gowon da Diori Hamani, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, hedikwatarta na Yamai. Aikinta ke nan: ciniki, ruwa, kiwo, zirga-zirga, tsaro. Babu abin da ya hana ƙasashen biyu su zauna ƙarƙashinta su rubuta tasu yarjejeniyar, a faɗi takardar da za a nuna a iyaka, a faɗi kwana nawa za a ba juna sanarwa kafin a hana fitar da hatsi ko dabba, a faɗi inda ɗan kasuwa zai kai ƙara idan an riƙe masa mota. Da ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, an ambaci farfaɗo da hukumar. An yi musabaha, an ɗauki hoto. Sanatocin jihohi bakwai ɗin nan, waɗanda suka tashi tsaye a Agustan 2023 suka ce ba za a yaƙi Nijar ba, ya kamata a ce da irin wannan ƙarfin suke bin sawun maganar.

Ga kuma layin dogo da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita sama da 280, da kuɗin da Najeriya ta ranto. An tsara shi ne a kan cewa kayan Nijar za su bi ta tashoshin ruwanmu, lokacin da dokar kwastam ɗin ƙasashen biyu ke ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ranar da jirgin farko ya isa Jibiya da kaya, jami'in kwastam na wancan gefen zai buƙaci sanin dokar da zai yi aiki da ita, kuma sanarwar wucin gadi ba za ta ishe shi ba.