Gam ko zare: yadda likitoci ke haɗa ƙananan jijiyoyin jini idan yatsa ya guntule

Duk mai shiga mayankar Oko-Oba da ke Agege, ko kasuwar kifin ƙanƙara ta Ijora, ya san yadda wuƙa da adda ke aiki kusa da yatsun mutane daga asuba zuwa la'asar. Ga kuma injin markaɗe a kowace unguwa, wanda bel ɗinsa ba ya bambanta tattasai da hannun yaro. Idan tsautsayi ya auku yatsa ya rabu da hannu, abin da iyali ke fara tambaya shi ne ko zai koma.

Yakan koma, amma wahalar ba a ƙashi ko fata take ba, a jijiyar jini take. Jijiyar da ke kai jini yatsa faɗinta kusan milimita ɗaya ne, kuma idan ba a haɗa ta jini ya ci gaba da gudana ba, yatsan zai yi baƙi ya mutu. Likita na zama ne gaban madubin da ke ƙara girman abu, ya ɗinke bakin jijiyar da zaren da ya fi gashin kai siranta, ɗinki shida zuwa takwas a kewaye. Yatsa ɗaya kan ci sa'o'i. Julius Jacobson ne ya fara irin wannan ɗinki ƙarƙashin madubi a Amurka a 1960, sannan a 1965 Komatsu da Tamai suka mayar da babban yatsan da ya guntule gaba ɗaya a Japan.

Tun daga lokacin ake neman hanyar rage ɗinkin, domin kowace huda ta allura rauni ce a bangon jijiya, kuma jini kan daskare a inda aka yi rauni. Nan gam ya shigo.

Iri biyu aka fi gwadawa. Na farko ana kiransa fibirin, kuma daga jinin mutum ake tace shi. Sinadarai biyu ne da jiki ke amfani da su wajen tsayar da jini, idan aka gauraya su sai su kama nan take. Likita kan yi ɗinki kaɗan don riƙe bakunan jijiyar, ya shafa gam ɗin a waje ya toshe gibin da ya rage. Aikin ya fi sauri, jiki kuma na narkar da gam ɗin cikin mako ɗaya zuwa biyu. Matsalarsa ita ce ba shi da ƙarfin riƙe jijiya shi kaɗai, kuma idan ɗigo ya ɓulla ciki, zai toshe hanyar da ake ƙoƙarin buɗewa.

Na biyu ɗan uwan Super Glue ne. Harry Coover ya gano sinadarin a 1942, an kuma fesa shi ga raunukan sojoji a yaƙin Biyetnam. Samfurin asibiti mai suna Dermabond ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1998, amma don rufe fata ne. A kan jijiya irin wannan gam yakan sandare, nau'ukansa na farko kuma sun riƙa jawo kumburi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Stanford sun cika jijiyoyin ɓeraye da wani abu mai kauri da ke riƙe bakin a buɗe, suka manne da gam, daga baya abin ya narke ya bi jini. Dabara ce mai kyau, sai dai har yau zare ne abin dogaro a ɗakin tiyata, gam ɗan taimako ne kawai.

Wannan kuma ba izini ba ne ga masu ɗiga Super Glue na shago a kan yanka. Yana iya ƙona nama, ya kuma kulle datti a cikin rauni.

Abin da ke hannun iyali shi ne sa'o'in farko. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Guntun yatsan a naɗe shi da bandeji mai ɗan laima, a saka a leda a ɗaure, sannan a tsoma ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye, kada a jiƙa shi a ruwa, kada a barbaɗa toka ko garin magani. Yatsan da aka sanyaya haka kan jure har kusan awa 24, amma hannu mai tsoka ba ya wuce awa shida idan babu sanyi, kuma kowa ya san cunkoson titin Legas.

A nufi babban asibiti kai tsaye: Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja wanda ya fi kusa da mutanen Agege, a nemi likitocin tiyatar gyaran jiki. Kada a ba mara lafiya abinci ko ruwa a hanya saboda maganin barci. Likita ne zai duba ko yatsan zai haɗu, domin wanda wuƙa ta yanke ya fi wanda inji ya murƙushe sa'a. Idan aka dace aka haɗa, mai shan taba sai ya ajiye ta, don tana tsuke jijiyar da aka sha wahalar ɗinkewa.