Miyar Zuppa Toscana: asalinta da yadda ake haɗa ta a gida

Duk da cewa sunanta na Italiyanci ne, wanda ke nufin miyar yankin Tuskani, miyar Zuppa Toscana da ta shahara a yau a Amurka ta yi suna. Jerin gidajen abinci na Olive Garden, wanda aka buɗe na farkonsu a birnin Orlando na jihar Florida a shekarar 1982, su ne suka yaɗa ta. A Tuskani kuwa, miyar da aka fi sani ita ce ribollita, ta farin wake da baƙin kabeji da busasshen burodi da man zaitun, babu madara a cikinta.

Ta Amurka ta ginu ne a kan sosej, wato niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi, da dankalin Turawa, da ganyen kel, ɗan uwan kabeji mai kauri da ɗan ɗaci, sai kirim ɗin madara. Ya kamata mai karatu ya sani cewa sosej ɗin Italiya galibi da naman alade ake yin sa, wasu ma suna ƙara soyayyen naman alade mai gishiri. Saboda haka matafiyin da ba ya cin alade ya tambaya kafin ya saya. A gida lamarin mai sauƙi ne: rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa ko na kaza, a cakuɗa shi da tafarnuwa da barkono da masoro da gishiri, ya wadatar. Idan an samu ƙwayar fenel, ita ce ke ba sosej ɗin Italiya ƙamshinsa na musamman.

Matakin da ake yawan yi wa gaggawa shi ne suyar naman. Sai an bar shi a cikin ɗan mai har ya yi ja sosai, ba a cika juya shi ba, domin abin da ya kama a gindin tukunya shi ne tushen ɗanɗanon miyar. Daga nan a kwashe naman, a soya albasa ɗaya da tafarnuwa a cikin man da ya bari, a zuba romon kaza kimanin lita ɗaya da rabi, a kankare gindin tukunyar da ludayi.

Sai a zuba dankali matsakaita guda 5, yankakku sirara, su dahu na kusan minti 15. Sitacin dankalin ne ke ba miyar kauri, don haka ba a buƙatar fulawa. Wanda ke son ta ƙara kauri sai ya farfasa kaɗan daga cikin dankalin a jikin tukunya. Dankalin Jos ya dace da wannan aiki.

Bayan haka a mayar da naman, a sa ganyen kel da aka cire wa ƙashin tsakiya aka yayyanka, ya yi minti 5. Inda babu kel, alayyahu na iya maye gurbinsa, amma shi minti ɗaya ko biyu ya ishe shi, in ya wuce haka zai lugwigwice.

Kirim, kofi ɗaya, shi ne na ƙarshe, kuma sai an rage wuta ƙwarai. Madarar gwangwani ma tana yi, sai dai da yake mai bai kai na kirim yawa a cikinta ba, ta fi saurin tsinkewa idan miyar ta tafasa. Haka nan idan za a ɗumama ta washegari, a yi a wuta kaɗan. Gishiri kuma a ɗanɗana tukuna, tunda naman da romon duk suna ɗauke da shi. Wannan adadi zai ishi mutum 5 zuwa 6, ana sha da burodi.