Ƙunar Baƙin Wake a Kano da 'Yan Matan da Aka Ɗaura wa Bam

Harin ƙunar baƙin wake, wato wanda maharin yake tayar da bam a jikinsa ko a motarsa ya mutu tare da waɗanda ya nufa, makami ne na ƙungiyoyin da ba sa iya karawa da soja gaba da gaba, domin ba ya cin kuɗi, kuma tare shi yana da wuya. 'Yan awaren Tamil Tigers, masu neman ɓallewa daga Sri Lanka, sun yi ƙaurin suna da shi, har wata mace daga cikinsu ta kashe tsohon Firayim Ministan Indiya, Rajiv Gandhi, a 1991.

A Najeriya kuwa, Boko Haram, wadda daga baya ta ayyana daularta a Gwoza a 2014, ita ce ta fara shi a hedikwatar 'yan sanda da ke Abuja ranar 16 ga Yuni, 2011. Da abin ya iso Kano, bai tsaya a kan Kanawa kaɗai ba, domin mutanen Roni da Gwiwa da Babura da Kazaure can suke zuwa sarin kaya da neman magani, kuma a masallatai da kasuwannin da aka kai wa hari suke salla da ciniki. Ranar 28 ga Nuwamba, 2014, an kashe masallata fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da gidan Sarki, lokacin da aka tayar da salla.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda ƙungiyar ta koma ga 'yan mata, saboda hijabi yana rufe rigar bam, kuma al'ada ta hana namiji mai gadin ƙofa ya laluba jikin mace. Haka aka yi a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano a Disambar 2014, kuma bayan harin 'yan sanda suka kama wata yarinya mai shekara 13 da aka ɗaura wa bam, wadda ta shaida wa 'yan jarida cewa mahaifinta ne ya miƙa ta ga ƙungiyar, kuma an yi mata barazanar kisa idan ta ƙi. Yarinya irin wannan, wadda ko wayon duniya ba ta gama yi ba, tana cikin waɗanda aka zalunta, alhakin jinin kuwa yana wuyan wanda ya ɗaura mata bam ɗin ya koma gefe. Har a ƙarshen Yunin 2024 mata aka tura suka tayar da bama-bamai a Gwoza, ɗaya daga ciki a wurin bikin aure.