Ramuwa da Turanci: kalmar da aka zaɓa tana ɗauke da hukunci

A watan Oktoban 2024, Abu Aƙla Kaikal, wanda ke jagorantar dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a jihar Jazira, ya sauya sheƙa ya koma ɓangaren sojojin Sudan. Cikin 'yan kwanaki RSF ta afka wa garuruwan gabashin Jazira irin su Tambul da Rufa'a da Hilaliya, dubun-dubatan mutane suka tsere zuwa Gadarif da Kasala. Matasanmu na Gadarif da ke bin labarai da Turanci, ko suke yi wa ƙungiyoyin agaji tafinta, sun yi ta cin karo da kalmomi uku: avenge da revenge da retaliate. Da yawa sukan juya su duka da "ramuwar gayya" su wuce, alhali kowacce da inda ta dosa.

Avenge da revenge uwarsu ɗaya, vindicare ta Latin, sun shigo Turanci ta tsohon Faransanci. Avenge ita ce ta fi kayar da ɗalibi, saboda sunan da ke biye da ita na wanda aka zalunta ne, ko kuwa zaluncin kansa. He avenged his brother na nufin ya rama wa ɗan'uwansa. Wanda ya rubuta he avenged his enemy yana son ya ce an rama a kan maƙiyi, to ya juya zancen, ya ce maƙiyin aka rama wa. Kalmar kuma tana zuwa da yabo a ɓoye: mai faɗinta ya riga ya yarda an yi zalunci, mai ramawa kuma yana da gaskiya. Shi ya sa take yawaita a bakin kwamandoji a wurin jana'izar mayaƙansu, marubutan ƙwallo ma suna sonta in ƙungiya ta doke wadda ta ci ta bara. Ɗan jarida mai kula ba ya sa ta da bakinsa a labarin kisa.

Revenge kuwa suna ce a mafi yawan lokuta. Take revenge on ake cewa, sannan a kawo sunan wanda za a huce a kansa. I will revenge da ake ji a Turancin Najeriya, Baturen Ingila zai gane, amma ba haka yake faɗa ba. Akwai ƙullatar zuciya a cikinta, kuma ba ta san awo ba. Ita ce ta fi kusa da ɗaukar fansa irin wadda Larabawan Sudan ke kira tār, wadda dangi ke gada.

Retaliate ta fito daga talio, wato saka wa mutum da kwatankwacin abin da ya yi, ma'anar da ta yi kusa da ƙisasin da aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta yi magana a kai. Yau ma'anarta mayar da martani ne kawai, babu yabo babu zargi. Ana haɗa ta da against kafin wanda aka mayar wa, da for kafin dalili. Da ita ake ba da labarin harajin da Sin ta ɗora wa kayan Amurka a 2018, da ita kuma ake rubuta musayar wuta tsakanin Sudan da Habasha a Fashaga, nan cikin jihar Gadarif.

A ganina a nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya. Sanyin retaliate yana sa a ɗauka cewa wanda aka buga shi ne ya fara bugu. Matan Hilaliya da manomanta da RSF ta afka wa ba su suka sauya sheƙa ba, Kaikal ne. Haka mazauna ƙauyen Tayba, waɗanda Human Rights Watch ta zargi mayaƙan Kaikal da kashewa a Janairun 2025, lokacin da sojoji ke ƙwato Wad Madani, ba su suka fara bugu ba. Dokar yaƙi tana da sunanta na irin wannan aiki, reprisal, kuma sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva ta huɗu, ta 1949, ya haramta yin sa a kan farar hular da yarjejeniyar ke karewa da dukiyoyinsu, ya kuma haramta hukunta jama'a kan laifin da ba su aikata ba.